Ɗan acaɓan da aka ƙwace wa mashin, a wane kaso na zakka yake?

Mai Albasa, Mile 12:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara ta zagayo kan jarina, na lissafa ɗaya cikin arba'in na ware, inda zan kai ne ya tsaya min. Akwai wani yaro ɗan wajen Kebbi da yake kwana a rumfarmu, mashin ɗinsa na bashi ne yana biya duk sati, aka kama mashin ɗin, shi kuma mai mashin bai yafe ko sisi ba, yanzu dako yake yi kuma so yake ya koma gida amma ko kuɗin mota babu. A gefe guda kwamitin masallacinmu sun ce in kawo a sa sola wai ai fi sabilillahi ne. Don Allah masu sani wanne ya dace?

Abu Hafsa, Agege:
Wa alaikumus salam Alhaji. Aya ta 60 a Suratut Tauba mutum takwas ta lissafa, yaron nan kuwa ya shiga gida biyu ba tantama, talaka ne kuma ana binsa bashi, tunda bashin ba na caca ko almubazzaranci ba ne, na neman halali ne. Ɗan hanya ne dai zan ce a dakata, wanda ya zo Legas ya zauna yana sana'a ba matafiyin da guzurinsa ya yanke ba ne, amma ba ka ma buƙatar wannan ƙofar. Maganar sola kuwa a yi haƙuri, mazhabobin nan huɗu ba su sa ginin masallaci cikin fi sabilillahi ba, a yi ta da sadaka ko waƙafi.

Maman Khalil, Idi-Araba:
Wallahi Alhaji ka ba yaron. Tun da aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu a 2022 muke ganin irinsu, wasu har matansu na gida sai a turo a ce babu hatsi. Ni abin da ke damuna yadda ake raba zakkar dubu biyu-biyu a ambulan a ƙofar gida, mutum ya ci yau gobe ya dawo layi, alhali da an haɗa wa mutum ɗaya an biya masa bashi an sai masa baro ko teburin shayi da ya tsaya da ƙafarsa.

Ɗan Obalende:
Malam Abu Hafsa amma ai Shehu Ƙardawi da wasu malaman zamani sun faɗaɗa fi sabilillahi ta haɗa da da'awa ko? Kuma ni kason 'yanta bayi nake tunani, akwai mutanenmu a gidajen yarin Kirikiri da Ikoyi da tara 'yar kaɗan ce ta riƙe su, babu mai biya.

Abu Hafsa, Agege:
Haka ne sun faɗaɗa, sai dai sola don fanka ta juya daban, da'awa daban. Na gidan yari kuma ba sai an kira su bayi ba, matalauta ne, ta nan a fitar da su. Abu ɗaya Alhaji, in kai ma kana bin yaron wani abu kar ka yafe ka lissafa shi a zakka, galibin malamai sun ce bai isar ba, ka damƙa masa kuɗin a hannu.

Mai Albasa, Mile 12:
Ba na binsa komai Malam. Gobe in Allah ya kai mu zan sa ya kira mai mashin ɗin mu zauna a ji nawa ya rage. Allah ya saka muku da alheri.