Jan giyar inabi da nama: me za mu sa a madadinta?

Maman Amira: Salam 'yan uwa, ina koyon girki a nan Zoo Road, malamarmu tace a Faransa jan giyar inabi suke haɗawa da jan nama, wai meye dalili, kuma mu me zamu sa tunda haram ce?

Abban Sadik: Baurin ɓawon inabi ne hajiya, da ɓawon ake tsima ta shi yasa take ja, baurin nan shi ke yanke maiƙo. Giyar yankin Bodo tafi ta yankin Bagandi bauri, duka a Faransa suke.

Ummi: Zoɓo mana! Ki rage suga sosai, ki sa citta da kanumfari, ki sha da balangu mai kitse kiji yadda tsamin ke wanke baki.

Maman Amira: To da kilishi fa?

Ummi: A'a anti, yajin yayi yawa, kunun aya mai sanyi zai fi.