Hoton ƙanena da aka yaɗa, da rigimar da ta biyo baya

Yayan Soja: Jama'a, raina a ɓace yake tun jiya. Ɗan baffanmu ya ɗora hoton ƙanena da ke bakin daga a Facebook, sanye da kaki, ga doguwar bindigar nan mai madubi a kafaɗarsa. Sunansa ɓaro-ɓaro a ƙirjin riga, shi kuma ya ƙara da sunan garinmu, ya rubuta "ga maharbin da ya hana 'yan ta'adda barci". Innarmu tana ƙauye, inda ba ka san wane ne infoma ba. Tunda aka nuna mata hoton ko koko ba ta iya sha ba, daren jiya ma a gidan maƙwabta ta kwana. Na kira shi, wai shi alfahari yake yi da ɗan'uwansa. Bai san labarin jarumin sojan Birtaniya Craig Harrison ba. A Nuwamban 2009 ya harbe mayaƙan Taliban biyu kusa da garin Musa Qala na Afganistan daga nisan mita 2,475. Da sunansa ya fita a jaridu, sai da ya kwashe iyalinsa suka bar gida saboda barazana, har ma'aikatar tsaron ƙasarsu ta biya shi diyyar fam 100,000. To wannan a Ingila ke nan. Mu wa zai sauya wa Inna gida?

Mai Shago: Allah Ya tsare mana shi. Amma Yaya, jarumi ka ce? Mutumin da ya ɓuya a bayan katanga, ya harbi wanda bai ma san yana wurin ba? Jarumi shi ne wanda aka yi gaba da gaba da shi.

Tsohon Soja: Yaro, ka taɓa jin ƙarar harsashi ya wuce ta gefen kunnenka? Maharbi yana kwanciya wuri guda tsawon yini, sauro na cizo ba ya motsi, fitsari ma a nan yake yi. Abokin aikinsa na gefe da madubi yana auna masa iska da nisa. Mutanen da Harrison ya harba mashinga ce a hannunsu, suna ɓarin wuta a kan 'yan'uwansa. Wannan ba jarumta ba ce?

Malamin Islamiyya: Ranka ya daɗe Oga, da girmanka, amma me ya kai shi Afganistan tun farko? Wanda ya tsallako teku ya shiga ƙasar mutane da bindiga ba zan kira shi jarumi ba, ko daga wata duniyar ya yi harbin.

Yayan Soja: Don Allah ku bar kalmar, na janye ta. Maganar hoto nake yi.

Mai Shago: Ai ba a janye magana bayan ta fita, Yaya. Kuma idan baturen ba jarumi ba ne saboda ɓuya, ƙanenka fa?

Hajiya Babba: Kai, ka iya bakinka! Yaron nan yana daji don kai ka buɗe shagonka da safe. Ka taɓa kwana ko a caji ofis, balle daji?

Ɗan Boko: Gyara kaɗan. Harrison ba shi ne kan gaba ba yanzu. A 2017 wani sojan Kanada ya yi harbin mita 3,540 a Iraƙi da bindigar McMillan TAC-50, kuma rundunarsu ta ƙi fitar da sunansa. Wannan ma ya fi dacewa da maganar Yaya. Sannan a 2023 Yukren ta ce wani maharbinta ya kai mita 3,800.

Na Mosko: Yukren ta ce! Wa ya auna? Farfaganda ce kawai. Ku tambayi duk wanda ya san bindiga, Dragunov ta Rasha uwa ce gare su duka.

Tsohon Soja: Dragunov tun 1963 take, bindiga ce mai juriya, ban musa ba. Amma aikinta bai wuce kamar mita 800 ba. Kada ka haɗa ta da L115A3 ta Harrison mai cin harsashin .338 Lapua. Kai ko bindigar toka ka taɓa ɗanawa?

Na Mosko: Oga, ku dai kun saba bautar Turawan Yamma, tun daga fareti har tunani.

Tsohon Soja: Wa kake kira bawa? Ubanka ma sa'ana ne.

Hajiya Babba: Shi wannan Na Moskon ba shi ne ya karɓi kuɗin gudummawar biki bai kawo lissafi ba har yau?

Na Mosko: Hajiya, wannan ƙazafi ne, kuma ina da shaidu.

Mai Shago: Ni fa ban ga haɗarin da ake ta zuzutawa ba. Chris Kyle, maharbin sojan Amurka, duniya ta san sunansa da fuskarsa, mutum 160 aka tabbatar ya kashe a Iraƙi. Wa ya kashe shi a 2013? Ba ɗan Iraƙi ba ne, tsohon sojan ƙasarsu ne, a filin koyon harbi a Texas. Ajali ne kawai.

Malamin Islamiyya: Ajali gaskiya ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Sai dai ina nan a kan bakana, shi ma Kyle ɗin ba jarumi ba ne.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka, na rufe maganar. Abin da na fahimta shi ne, mafi yawanmu mun yarda maharbi jarumi ne, kamar yadda Oga ya yi bayani da ilimi da gogewa, kuma ni ma mahaifina soja ne, na san abin da nake faɗa. Malam yana da nasa ra'ayin, mun ji. An kuma tabbatar bindigar Ingila ta fi ta Rasha nesa ba kusa ba. Na Mosko zai bai wa Oga haƙuri kafin Magariba, in ba haka ba na cire shi. Maganar kuɗin biki a kawo ta ranar Asabar.

Yayan Soja: Shugaba, hoton fa har yanzu yana nan, kuma yanzu na ga wani ya rubuta sunan unguwarmu a ƙarƙashinsa. Wa ke da lambar Baffa? Tawa ba ya ɗauka.