Muhawara: Shin doka ta ba mace hutun kwana ɗaya ko biyu duk wata saboda jinin al'ada?

Malamar sakandare: Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, maganar da na yi jiya a ɗakin malamai har aka rabu gida biyu a kanta ita na kawo muku. Na ce ya kamata doka ta ba mace ma'aikaciya hutun kwana ɗaya ko biyu a wata idan tana fashin salla, ba tare da an taɓa albashinta ba. Ba ni na fara wannan tunani ba, domin Japan ta sa hutun al'ada a dokar ƙwadagonta tun 1947, Indonesiya ta ba da kwana biyu, Zambiya a nan Afirka tana ba mace kwana ɗaya a wata ba sai ta kawo takardar likita ba, Sifaniya kuma ta bi sahu a 2023. Abin da ya tsayar da ni a kan wannan ra'ayi shi ne ranar da na tsaya gaban allo da alli a hannu, gumi yana keto mini, marata tana murɗawa kamar ana matse tsumma, ɗalibai suna jira in ƙarasa darasi, da na je neman izinin tafiya gida kuma kunya ta sa na ce zazzaɓi ne.

Hajiya mai shagon ɗinki: Wa alaikumus salam. Malama, na tausaya miki, domin ni ma mace ce, amma ban yarda a mai da shi doka ba. Kwana biyu a wata kwana 24 ne a shekara, kuma duk mai ɗaukar ma'aikata zai yi wannan lissafi a zuciyarsa ko bai faɗa ba, ya ga namiji ya fi masa sauƙi, mu da muke fafutukar a ɗauki 'ya'yanmu mata aiki mu wayi gari mun rufe musu ƙofa da hannunmu. Ban da haka, al'ada ba cuta ba ce. Iyayenmu sun yi surfe da daka da ɗebo ruwa suna cikinta, ba su kwanta ba.

Ungozoma: Hajiya, gaskiyarki ce al'ada ba cuta ba ce, sai dai ciwon mara ba iri ɗaya ba ne a jikin kowace mace, kuma a nan ne muke yawan zaluntar juna. A kwanakin farko shimfiɗar cikin mahaifa tana sakin wani sinadari da ake kira furostagilandin, shi ne ke sa mahaifa ta riƙa matsewa domin ta fitar da jinin, idan ya yi yawa kuma matsewar takan tsananta har ta zo da amai da gudawa da jiri. Wata ba ta jin komai sai ɗan nauyin jiki, wata kuwa sai ta duƙa ta kasa miƙewa. Ga mafi yawan mata abin da ke taimakawa ba shi da tsada: a ɗora gorar ruwan ɗumi a mara, a samu isasshen barci, a ɗan taka ƙafa maimakon kwanciya yini guda, a sha magani irin su ibufurofen bayan an ci abinci tun ciwon bai kankama ba, in dai ba mai gyambon ciki ba ce, sannan a ci hanta da wake da zogale saboda jinin da ake zubarwa.

Abin da ya fi damuna dai shi ne kada hutu ya zama mayafin da za a rufe cuta da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin goma da ke shekarun haihuwa tana da endometiriyosis, wato nama irin na cikin mahaifa ya tsiro a wajenta, kuma ƙarin mahaifa ya yawaita a matan Afirka. Na sha ganin yarinya an kawo ta idonta fari fat don ƙarancin jini, bayan shekaru ana ce mata ta yi haƙuri, idan ta yi aure ta haihu zai wuce. Duk wadda jininta ke wuce kwana bakwai, ko take jiƙa auduga cikin awa ɗaya ko biyu, ko ciwo ke kwantar da ita duk wata, likita take buƙatar gani kafin komai.

Malamar Islamiyya: Ina so in ƙara abu ɗaya, domin na ji wasu suna kafa hujja da addini ta ɓangarorin biyu. Shari'a ta ɗauke wa mai haila salla ba tare da ramuwa ba, ta jinkirta mata azumi ta rama daga baya, wannan kuwa sauƙi ne bayyananne. Amma ba ta ware ta daga jama'a ba, don Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, takan taje wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kansa tana cikin haila. Saboda haka Hajiya, juriyar iyayenmu ba ta zama dalilin hana mai jin ciwo sauƙi ba. Ke kuma Malama, kada sauƙin ya koma ɗaukar kowace mace a matsayin marar lafiya.

Ma'aikaciyar ofis: Anti Malama, ni shakkata a kan amfanin dokar ne. A Japan ɗin da kika ambata, bayan shekaru fiye da 70, matan da ke karɓar hutun kaɗan ne ƙwarai, domin dokar ba ta tilasta a biya su ba, ga kuma nauyin tunkarar shugaba namiji da irin wannan magana. Mu nan da ko sunan abin ba ma iya faɗa sai mu ce baƙon wata, wace ce za ta cike takarda duk wata ofis ya san kwanakinta? Dokar ƙwadago ta Najeriya ta riga ta ba da hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara da shaidar likita. Na fi son a sassauta sharaɗin takardar ga kwana ɗaya, kowa ya amfana ba sai ya yi bayani ba.

Hajiya mai shagon ɗinki: Wannan na yarda da shi. A shagona akwai tabarma a bayan labule da fulas na ruwan zafi, duk yarinyar da na ga ta dafe mara a kan keke nakan ce ta je ta kwanta, ba na tambayar ta komai.

Malamar sakandare: Allah ya saka miki da alheri, Hajiya, amma wannan kirkinki ne, kuma ba kowace yarinya ce ta dace da uwar ɗaki irinki ba, shi ya sa har yanzu ban sauka daga batun doka ba, ko da za a rage shi zuwa kwana ɗaya irin na Zambiya. Sannan duk maganarmu a kan masu albashi take, alhali mafi yawan matanmu aikinsu a gida ne, inda babu shugaban da za a nemi izininsa, tukunya tana jira, wanki yana jira, yara suna jira. Ina roƙon magidantan da ke karanta mu su gaya mana: ranar da uwargida ta dafe mara ta kasa tashi, wa ke ɗora girki a gidajenku?