Abin da Aka Tattauna Kan Kukan Kare a Keji da Dare

1. Mafi yawan waɗanda suka yi sharhi kan yadda za a magance kukan kare a keji da dare sun yarda cewa ɗan kwikwiyo ba ya iya riƙe fitsari har asuba, don haka a ciyar da shi da wuri, a fitar da shi kafin barci, sannan a sake fitar da shi tsakar dare.

2. An ba da shawarar matso da kejin kusa da mutane, tare da shimfiɗa masa tsohuwar rigar mai shi.

3. Ra'ayi ya rabu kan kukan neman kulawa. Wasu sun ce a ƙyale shi, domin amsawa na koya masa cewa kuka yana buɗe ƙofa, wasu kuma suna ganin ƙyalewar tana ƙara masa tsoro. Dukan kare dai, kowa ya hana.

4. Babban karen da ya fara kuka kwatsam, a kai shi wurin likitan dabbobi.