Musayar waƙa: Sashe na goma da lasifikar unguwa

Lauyan Jekadafari:
Ku buɗe kundin mulkin Najeriya, ku je sashe na goma,
Ya hana jiha da tarayya ɗora addini kan al'umma,
Talatin da takwas ya ce bi naka, ko ka sauya in ka ga dama,
Ba a cusa wa ɗalibi darasin addinin wani, ko a firamare ma.

Ɗan Pantami:
Lauya ka tsallake shafi, rabin karatu ka iya,
Kalmar "sekula", raba mulki da addini, ba ta kundin, laluba shi gaba ɗaya,
Sashe na 275 ya ba jiha Kotun Ɗaukaka Ƙarar Shari'a,
Aure da gado da waƙafi, can ake rabon dukiya.

Malam Arula: Ɗan Pantami, iya, ɗaya, dukiya, sai ka jefo "Shari'a" a tsakiya? Amsa-amonka "ya" ne, wannan kuwa hamza ce. Kuma don Allah yaya ake rera 275?

'Yar Kaltungo:
Ku bar faɗa a kan suna, ku sauko batun gini,
Dokar filaye ta 1978 gwamna ta ba wa ikon izini,
In coci da masallaci sun nema, a ɗora su kan ma'auni,
Wanda takardarsa ta tsufa a durowa, sashe na goma me ya yi masa, ku gaya mini?

Baban Herwagana: Kai! Yarinyar nan ta rufe su da kwando. Kudancin Gombe ba a shiga musu da rabin baiti.

Ɗan Pantami: Baba, ai ko tari ta yi za ka ce waƙa ce.
Ƙanwata kin fito da rabi, kin ƙulle rabi a zani,
Hukumar alhazai 2006, ta masu ziyarar Urushalima 2007, ki gani,
Hutun Sallah da Kirsimeti, Maulidi da Ista, duk gwamnati ke ba da izini,
To ina wannan rabuwa da Lauya ke faɗa tsakanin mulki da addini?

Lauyan Jekadafari:
Ni ban ce mu Faransa ne ba, kar ka sa min baki a zance,
Su a 1905 suka raba coci da mulki, kowa ya zauna a keɓance,
A 2004 suka hana hijabi a makarantun gwamnati a hukumance,
Mu kuwa Kotun Ƙoli a 2022 ta ce ɗaliban Legas su sa abinsu, ka mance?

Malam Arula: Wannan ya ɗan zauna. Amma ɗango na biyu kamar raƙumi a garken awaki.

Lauyan Jekadafari: Malam, kai kullum awo, yaushe za mu ga naka yadin?

Dattijon Wunti: Salamu alaikum 'ya'yana, na makara, babu wuta tun jiya. Daga Bauchi nake amsa muku.
Tafawa Ɓalewa a 1991, gardamar nama ce a kasuwa,
Kafin a kai ga mai unguwa jita-jita ta yi yawa,
Ta shigo garin Bauchi, gidaje suka kama ƙonewa,
Sashe bai kashe wuta, sai an tare ta tun tana tsirowa.

Liman da fasto da mai unguwa su riƙe lambar juna,
A juya bakin lasifika ciki, a rage ta in an kwana,
Juma'a da Lahadi in za a tare titi, a bar layin mota da hanyar gona,
Mahauta a ware musu teburi, kowane nama da nasa suna.

'Yar Kaltungo:
Baba ka faɗi gaskiya, amma ka bar guda a baya,
Mai wa'azin da ke zagin wasu, ko namu ne a ja masa waya,
Ba sai na can ya yi ba za a ce a kamo shi gaba ɗaya.

Malam Arula: Ɗango uku? Ina na huɗun, ya tafi ziyara? Shi kuma Dattijo, "kasuwa" da "tsirowa" sun hau, amma "hanyar gona" don amsa-amo kawai aka ɗauko ta. Wace gona ce a Wunti?

Baban Herwagana: Arula, ka ji tsoron Allah, ƙwar uku ma tsari ce.

Malam Arula: Tsari ce in da ita aka faro. Ba a fara ƙwar huɗu a sauka a uku, sai dai in man babur ne ya ƙare.

Dattijon Wunti: Hanyar asibiti na so cewa, ta ƙi shiga.

Ɗan Pantami:
Arula mai ƙirga gaɓa, ga baiti na yi maka kyauta,
Ana batun zaman lafiya kai kana neman inda ta karkata,
Har yanzu ba ka bar maganar hamzata ba sai tsangwama da fitina ta zalunta...

Malam Arula: Wannan na ƙarshen ma ba zan taɓa shi ba, a kira mai ɗori.