Malaman lissafi, ya kuke fama da aljebra a ajinku?

Malam_SS2: Salamu alaikum ƴan uwa malamai. Dan Allah ina neman gogewarku don abin nan ya fara hana ni barci. Shekarata shida ina koyar da lissafi, ajina yara 80 da ɗoriya, jiya na gama makin gwaji, na ce su buɗe (a + b)² sai ga fiye da rabin aji sun rubuto min a² + b², shi 2ab ɗin ya yi ɓatan dabo, kuma wallahi sau uku na koyar da shi a zangon nan. Ya kuke yi ne?

Baban Walid: Wa alaikumus salam malam. Ni na daina fara musu da harafi, lamba nake sa wa. Nakan ce a ya zama 3, b ya zama 4, ku haɗa, 7, sau kansa 49. To ku yi irin naku, 9 da 16, 25. Ina 24 ta tafi? Sai aji ya yi tsit. Daga nan na zana fili a allo, kowane gefe taku 7, na yanka shi gida huɗu, ga ɗaki mai 9 ga mai 16 ga zaure biyu kowanne 12. Wani yaro daga can baya ya ɗaga murya ya ce malam ashe zaurukan muke mantawa! Har yau a ajin zaure suke kiran 2ab.

Malama Ummi: Ni tawa matsalar soke-soke ce. Ka ba su (x + 6)/2 nan take za su soke 6 da 2 su rubuta x + 3 hankalinsu kwance. Sai na ce musu in an ba ku buhun masara da naira 600 ku biyu ku raba, kuɗin kaɗai za ku raba ɗaya ya sungumi buhun? Suka ce a'a Malama. To shi ma x sai an raba shi.

Amma abin da ya fi taɓa ni wata yarinya ce da na ɗauka ba ta ja, kullum tana maƙale a kujerar ƙarshe. Muna haɗa 1/x da 1/y ana ta kokawa da na ƙasa, sai na kawo misalin gado, mata sumuni uwa sudusi, wace lamba ce 8 da 6 za su shiga ba saura? Kafin na rufe baki ta ce 24, ai shi ne asalin mas'ala, sun yi a islamiyya. Ashe ta daɗe da iya LCM, sunan ne kawai ba ta sani ba. Ranar ita na miƙa wa alli ta ƙarasa darasin.

Ɗan Maraɗi: Sannunku da aiki. Mu nan tun koleji kafin jarrabawar BEPC ta kammala kolejin yara ke haddace waɗannan ƙa'idojin da Faransanci kamar karatun allo, amma ka juya tambayar kaɗan sai su watse. Ni 51 sau 49 nake ba su, suna cikin ja sai na ce 2500 a cire 1, 2499. Su da kansu za su roƙe ka sirrin, nan a² − b² ke shiga.

Abu Hanif: Sod fa, wato lissafin tushen lamba (√)? √(9 + 16) su ce maka 7 alhali 5 ce. Sannan √(x + 2) = x, za su samo 2 da −1 su ja layi biyu su miƙo, ba mai mayar da −1 ya ga ta ba da 1 a hagu −1 a dama. Yanzu duk wanda bai gwada amsarsa ba ba na karɓar littafinsa.

Malam Na Kowa: Duk na yarda da ku amma mu faɗi gaskiya, minti 40 ne firiyod, ga manhaja a wuya ga WAEC da NECO na tafe, yaron da bai iya 1/2 + 1/3 tun firamare ba yaushe zan zana masa zaure?

Baban Walid: Gaskiyarka malam, ni ma sati biyun farko na zango a kan lissafin rabi da kwata suke ƙarewa, kuma ina biyan bashinsu a ƙarshe. Amma yanka filin nan a kwali ba ya cin lokaci. Al-Khwarizmi a Bagadaza wajen shekara ta 820 da zane ya warware x² + 10x = 39, ya cike kusurwa da 25 ya zama 64, gefe 8, x ta zama 3, kuma daga sunan littafinsa kalmar aljebra ta fito. In na gaya musu haka har zama suke gyarawa.

Malam_SS2: Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Litinin zan gwada filin nan. Baban Walid, kwalin kai kake yanka musu a gida ko su kake sa wa su zo da almakashi? Don 80 ɗin nan nake tunani.