TKO da Hausa: ni dai "kisan tsaye" na zaɓa

Salamu alaikum 'yan uwa masu bin damben boksin, na nan Riyad da na Jidda da Makka, har da na gida. Tun daren da aka tsayar da damben Joseph Parker da Fabio Wardley muke ta musu a zaurenmu, kuma rabin musun nan rashin kalma ne ya jawo shi. Wani ya ce an kashe Parker. Wani ya ce ina aka kashe shi, mutumin da ko gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba? Wani ya ce raba su aka yi. Yaranmu haifaffun nan kuwa sai su ce hakam ya waƙƙafa, wato alƙali ya tsayar, su wuce abinsu. Turawa suna da sunan abin, TKO, wato technical knockout. Mu fa?

Ga wanda bai kalla ba: ranar 25 ga Oktoban 2025 aka yi shi a zauren O2 da ke Landan, ajin masu nauyi. Parker, mutumin New Zealand, yana kan gaba a katin biyu daga cikin alƙalan maki uku. A turmi na 10 Wardley ya girgiza shi. A na 11 ya kai shi jikin igiya ya yi ta sakar masa hannu ba ƙaƙƙautawa, sai alƙalin fili Howard Foster ya shiga tsakani ya kaɗa hannu. Parker yana tsaye da ƙafafunsa, amma an gama, Wardley ya ci.

A dambenmu na gargajiya babu wannan ruɗanin. Da zarar hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, kisa ne, makaɗa su ɗauka. In an yi turmi uku ba wanda ya faɗi, a ce babu kisa, a raba ku, kowa ya koma ɓangarensa, ko Kudu ko Arewa ko Guramada. Ƙofa biyu ke nan. Shi boksin ƙofofinsa sun fi haka. Kana iya faɗuwa ka tashi kafin alƙali ya ƙirga goma a ci gaba, wannan faɗuwa ce kawai. In ka kasa tashi, wannan kisa ne ƙarara, ba sai mun nemo masa wani suna ba. In an kai ƙarshe sai a koma maki. Ta huɗun ce ba mu da ita: kana tsaye, amma an yanke cewa ka gama.

An kawo shawarwari, kuma na duba kowacce da kyau.

Wani ɗan uwa ɗan Mai Wurno ta Sudan da ke aiki a nan ya ce mu bi Larabci, tunda masu sharhi a tashoshin nan "ƙadiya fanniyya" suke cewa, sai mu ce "kisan fasaha". Malam, ka gwada faɗin ta ga wanda bai ji Larabci ba. Zai ɗauka yabo kake yi, wai an yi kisa cikin gwaninta. Alhali ba gwanintar mai duka ake nufi ba, ƙa'ida ce ta yanke.

"Kisan alƙali" ta fi kusa, amma in aka sa ta a kanun labari mutane za su ce an hallaka wani alƙali ne a kotu. Kuma ba kullum alƙalin fili ne tushen tsayarwar ba. "Rabiya" ita kaɗai kuwa tana ɓatar da wanda ya saba da filin damben Dei-Dei ko na Kano, domin a can in an raba ku ba wanda ya ci wani. "Kisan mummuƙe" ba na ma son a jawo ta nan, tana ɗauke da zargin makirci tun kafin a bincika.

Abin da na tsaya a kai shi ne kisan tsaye.

Dalilina na farko, kunnen Bahaushe ya san rabinta tuntuni. Kisa ya gaya maka wane ne ya ci kuma ba a kai ga maki ba. Tsaye ya gaya maka ba ƙirga goma ce ta ƙare shi ba. Na biyu, kuma shi ya fi mini muhimmanci, ba ta ɗaukar ɓangare. Mai ganin Foster ya yi daidai zai iya faɗin ta, mai ganin ya yi kuskure ma haka, sannan su zauna su yi musunsu a kan abin da ya kamata.

Ku auna ta da damben da muka sani. Yunin 2019 a New York, Andy Ruiz ya kayar da Anthony Joshua sau huɗu. A turmi na 7 Joshua ya miƙe, ya koma kusurwa ya ɗora hannuwa kan igiya, alƙali ya dubi idonsa ya yi masa magana, ya kaɗa hannu. Kisan tsaye. Fabrairun 2020 a Las Vegas, Tyson Fury ya matsa wa Deontay Wilder, jini na fita daga kunnensa, Mark Breland daga kusurwarsa ya jefa tawul a turmi na 7. Kisan tsaye ne, tawul ya kawo shi. A nan Riyad, Yunin 2024, Daniel Dubois ya farfasa wa Filip Hrgovic saman idanu biyu, likita ya duba a turmi na 8 aka tsayar. Kisan tsaye ne, likita ya kawo shi. Duk ukun kalma ɗaya ta ɗauke su, sai dai ka ƙara wanda ya jawo. Shi kuwa abin da Joshua ya yi wa Francis Ngannou a Maris 2024, da ya shimfiɗe shi a turmi na 2 alƙali bai ma tsaya ƙirge ba, wannan kisa ne, ba ƙari ba ragi.

Saura kalma ta biyu, wadda ita ce ainihin abin da ya hana mu barci: tsayarwar da aka yi kafin lokacinta. Nan ne rabiya ke da amfani, tunda aikin da alƙali ya yi da jikinsa ke nan, ya shiga tsakanin mutum biyu. Ina ganin mu ce ɗanyar rabiya, kamar yadda muke cewa ɗanyen hukunci. Mangwaro ne aka tsinke bai nuna ba, ba wanda zai taɓa sanin irin zaƙin da zai yi. Kishiyarta kuma makararriyar rabiya, wadda aka yi bayan ɓarna ta riga ta auku.

To, na Parker ɗanya ce? A wurina, eh, ɗanya ce, ko da da 'yan daƙiƙu ne. Ku sake kallon wurin a hankali. Yana jikin igiya, yana karkata kai, wasu hannuwan suna shiga, wasu suna wucewa ta sama ko su sauka kan safar hannu da kafaɗa. Abin da ya ja masa shi ne ramuwarsa ta yi ƙaranci, kuma ƙa'idar alƙalai ita ce mutum ya nuna yana kare kansa da hankalinsa. Amma mu mazauna Riyad mun san Parker. A gabanmu ya wahalar da Wilder turmi 12 a Disambar 2023. A gabanmu Zhilei Zhang, wanda hannunsa na hagu ba wasa ba ne, ya kayar da shi sau biyu a Maris 2024, ya tashi duka biyun ya ci damben da maki. Mutumin da ke da irin wannan tarihin farfaɗowa, yana kan gaba a kati, saura turmi ɗaya da ɗan abin da ya rage, ga damar karawa da zakaran ajin, Oleksandr Usyk, a gabansa, ya cancanci a ɗan ƙara masa numfashi. Kuma ba yau Foster ya fara shan wannan magana ba. Shi ne ya tsayar da George Groves a turmi na 9 a gaban Carl Froch a Manchester, Nuwamban 2013, har ta kai sai da aka sake damben a Wembley.

Abin da ya fi ƙona wa mutane rai, a ganina, bambancin mudu ne. Ranar 18 ga Mayun 2024 a Kingdom Arena ta nan Riyad, turmi na 9, Usyk ya sa Fury yana tangaɗi daga wannan igiya zuwa waccan, ƙafafu sun saki, ido ya juya. Alƙalin fili Mark Nelson bai tsayar ba. Ya ɗauka igiya ce ta hana shi faɗuwa, wanda a ƙa'ida faɗuwa ce, ya ƙirga masa, ƙararrawa ta kaɗa, Fury ya kai turmi 12 har alƙalin maki ɗaya ya ba shi nasara. Halin da Fury ya shiga a daren nan ya fi na Parker muni nesa ba kusa ba. Ɗaya an ƙirga masa, ɗaya an sallame shi.

Sai dai ina roƙon kada mu mai da ɗanyar rabiya abin jifa duk lokacin da gwaninmu ya faɗi. Waɗannan mutane ne da suka haura kilo 90, da yawansu sun wuce 100, kuma kai ake duka. A Nuwamban 2013 Magomed Abdusalamov ya yi turmi 10 cif da Mike Perez a New York, ba wanda ya tsayar, ya sauka da ƙafarsa. A daren jini ya taru a ƙwaƙwalwarsa, ya fito daga asibiti da nakasar da ta canja masa rayuwa gaba ɗaya. A 1982 Duk Koo Kim ya rasu kwanaki kaɗan bayan dambensa da Ray Mancini, abin da ya sa aka rage damben kambu daga turmi 15 zuwa 12. Wanda aka yi wa ɗanyar rabiya yana iya neman a sake. Foster yana ganin idon Parker daga taku biyu, mu daga talabijin muke gani cikin dare, wannan ma a sa shi a ma'auni.

Baba na Makka, na ga saƙonka cewa kalmar kisa ba ta kwanta maka ba tunda ana mutuwa da gaske a wannan sana'a. Allah ya ƙara girma, maganarka tana da nauyi. Abin da ya sa na riƙe ta shi ne iyayenmu ma da ita suka yi ta amfani a filin dambe ba wanda ya rikice, kuma Larabawan da muke zaune cikinsu ma ƙadiya suke cewa, mai ƙarar da zance. Sharaɗin da zan yarda da shi shi ne a rubuce kada a bar ta tsirara, a riƙa haɗa ta da turmi: "Wardley ya yi wa Parker kisan tsaye a turmi na 11, amma da yawa na ganin ɗanyar rabiya ce." Ko wanda bai taɓa kallon boksin ba zai gane wasa ake nufi.

Wuri ɗaya ne nake so a taimaka, na tawul. Mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka tashi a gidan dambe, me ake cewa idan ubangida ya ga yaronsa ya jigata ya janye shi daga fili kafin a kai shi ƙasa? In akwai tsohuwar kalma a kan wannan, a kawo ta, ita za mu sa wa jefa tawul, kisan tsaye ya tsaya a kan na alƙali da na likita.